Avenger 220: Cruise ko Street, wanne ya dace da hanyoyin Damagaram?

Na yi aiki da duka baburan biyu, a cikin gari da kan kwalta, kuma tun daga farko zan faɗi inda na tsaya: ga mazaunin Damagaram, Street ta fi Cruise sauƙin riƙo, ko da yake Cruise ce mai ɗaukar ido. Abin da ya raba su a wurina ƙafafu ne.

Kamfanin Bajaj na Indiya ya fito da waɗannan biyun tare a ƙarshen 2015, kuma daga tanki zuwa salansa kusan abu ɗaya ne. Injin 220 ne mai silinda ɗaya da fulogi biyu, ƙarfin doki 19, giya biyar, da ƙaramin lagireto mai sanyaya baƙin mai. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga. Sirdi ƙasa-ƙasa yake, gajeren mutum ma zai dafa ƙasa da tafin ƙafa duka biyu. Nauyi ya kai kilo 150 da ɗoriya, alhali Boxer ta 'yan kabu-kabu ba ta kai 130 ba, don haka duk wanda ya saba da Boxer zai ji bambancin tun wajen turawa. Wanda ya ce maka wata ta fi wata gudu, ciniki yake nema.

Cruise tana zuwa da wili mai waya, a cikin tayarta akwai tif. Street kuwa wilinta na alminiyom ne, taya ba tif. A ƙasar da ƙayar aduwa da kusoshi ke ko'ina, wannan babbar magana ce. Idan ƙusa ta shiga tayar Street, iska a hankali take fita. Sau da yawa ƙusar ma ita ke toshe kafar, ka kai kanka wurin mai faci. Shi kuma ba sai ya cire ƙafar ba: ya zare ƙusar, ya goge kafar, ya cusa robar faci, ya yanke saura, ya buga iska. A Cruise kuwa tif na hujewa iska ta tafi gaba ɗaya, kuma in a ƙafar baya ne kana cikin gudu, babur zai fara rawa a ƙarƙashinka. Gyaran ma aiki ne: a ɗaga babur, a kwance sandar birki, a sauke sarƙa, a zare ƙarfen tsakiya, sannan a ɓare taya mai kauri daga wili. Yaron da bai saba ba yakan tsinke tif ɗin da ƙarfen ɓarewa lokacin mayarwa, a koma gidan jiya.

Akwai kuma matsalar girma. Tayar baya ta duka biyun 130/90 ce a kan wili mai inci 15, ta gaba inci 17. Ta gaba ba wuya, amma inci 15 ba kayan kowane shago ba ne a kasuwar Dole, domin baburan da suka cika gari 17 ko 18 suke amfani da shi. Mai Street taya kaɗai zai nema, mai Cruise taya da tif. Abin da wasu ke yi in an rasa, su cusa tif na inci 17 a ciki. Zai ɗauki iska, amma yana naɗewa, kuma daidai wurin naɗin yake gogewa har ya fashe, galibi da rana tsaka sa'ad da kwalta ta yi zafi. In ka zaɓi Cruise, ka ajiye tif biyu na ainihin girmanta tun ranar saye, ko ka ba mai zuwa Kano sautu.

Wili mai waya yana da tasa ranar, kada a zalunce shi. In ka faɗa rami da ƙarfi, waya takan sha dukan, wili ya ɗan karkace, mai gyara ya ɗaure wayoyin ya miƙe. Alminiyom in ya lotsa a baki iska ta dinga zurara, in ya tsage kuwa sai sabo. Walda a wurin ba abin dogaro ba ce. Saboda haka wanda yawancin tafiyarsa a burji ne, yana shiga ƙauyukan Mirya ko Magarya, yana da hujjar zaɓen Cruise. Sai dai ya riƙa bin wayoyin yana ƙwanƙwasawa da sifana: mai ƙarfi tana ƙara siririya, wadda ta saki tana amsawa dushe-dushe. In aka bar ɗaya a sake, maƙwabtanta ke ɗaukar nauyin, su tsinke bi da bi.

Amma gaskiya, babu ɗayarsu da aka ƙera don rairayi. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya ya kusa mita ɗaya da rabi, nauyin mahayi yana baya, ƙafafunsa suna miƙe a gaba. Da ka shiga yashi mai zurfi, ƙafar gaba ta fara zamewa, kuma ba ka da halin miƙewa tsaye a kan mataki ka daidaita. Haka in an zo rami: duk abin da shokozoba ta baya ta kasa shanyewa, gadon bayanka ne zai karɓa. A nan Street ta ɗan fi, saboda ƙahonta gajere ne kuma a miƙe, mutum yana ɗan rusunawa gaba, kan babur ya fi jin magana. A lungunan Birni da cunkoson Zango ma ita ta fi sauƙin juyawa. Ƙahon Cruise dogo ne, ya lanƙwaso baya, zama kamar a kujerar falo; daɗinsa sai a miƙaƙƙiyar kwalta irin ta Takeita zuwa Maradi.

Gilashin gaba na Cruise shi ma a doguwar hanya yake da amfani, yana tare iska daga ƙirji da ƙwari da magariba. A cikin gari da bazara, lokacin da zafi ya haura 40, ɗan iskan da za ka samu ne yake hana ka. Da hunturu kuma ƙura ke kwanta masa, kuma roba ce: ka share ta da busasshen tsumma, ta karce, da dare fitilar mai zuwa ta watsu a kai ka daina ganin hanya. A fara zuba ruwa kafin a goge. Noti ne ke riƙe da shi, ana iya cirewa a ajiye. Majinginar baya mai katifa kuwa ita ce abin da zan yaba wa Cruise ba tare da sharaɗi ba, musamman ga mai ɗaukar iyali. A dai kula da bakin zane ko hijabi kada ya kai ga waya.

Shekarar ƙira ta fi sunan muhimmanci. Waɗanda aka yi kafin 2020 kafireta gare su, kowane bakanike zai kwance ya wanke. Daga 2020 waɗanda aka ƙera don kasuwar Indiya suka koma injekta, da famfon mai na lantarki. Tana tashi da sauƙi, amma ba ta yafe datti. Mai shan fetur a gidan mai ba shi da damuwa. Mai dogaro da ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, ƙura da ruwan da ke ciki za su toshe matatar famfon, babur ya riƙa shaƙewa in an murɗa. Kada kuma a bar tanki ya riƙa ƙafewa, famfon da ke jan iska maimakon mai ba ya daɗewa. Sannan 220 ba ta da kik, batir na mutuwa sai turi. Matatar iska kuma a duba ta akai-akai da hunturu, kada a jira lokacin juyen baƙin mai.

In na hannu za ka saya, ka lura cewa sunan Street ya hau kan injuna huɗu: 150, 160, 180 da 220. Fenti da lambar jiki ana iya sauyawa. Ka durƙusa ka duba gaban injin, ƙarƙashin kan babur: in babu ƙaramin lagireton nan da bututunsa biyu, ba 220 ba ce, kada ka biya kuɗin 220. Ka ɗaga ƙafar baya ka juya ta a hankali, idonka a kan bakin wili, ka ga ko yana lilo ko akwai alamar walda a ƙarƙashin baƙin fenti.