Ƙarfen labulen wanka mai lanƙwasa: na matsewa ko na ɗaurewa?

Hajiya, tsakanin biyun da kika tambaya, wato mai sifirin da ake matsewa tsakanin bango da bango, da wanda ake huda tayil a ɗaure da sukurori, ki sayi na ɗaurewa ki huta.

Miƙaƙƙen ƙarfe nauyin labule yana sauka ne daidai tsakanin bangon biyu, shi ya sa ko na matsewa ne yakan ɗan jure. Shi kuwa mai lanƙwasa cikinsa ya turo waje kusan taƙi guda, to duk nauyin da aka rataya a tsakiya murɗa shi yake yi daga gindi, cikin ya riƙa kallon ƙasa. Abin da zai hana wannan murɗawar shi ne gindin ya zama a kafe da bango. Na matsewa ba abin da ya riƙe shi sai 'yar robar da ke bakinsa, ga tayil da santsi, ga tururin ruwan zafi kullum. Idan gidan haya ne kuma mai gida ya hana huda bango, ba laifi, zai yi miki maneji da labule mara nauyi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Nawa na ɗaurewa ne, tun shigarmu gidan nan yake wurin. Filamban da ya sa shi dattijo ne mai natsuwa. Sai da ya tambaye ni ta ina bututun hita ya bi cikin bango kafin ya ɗauki injin hudawa, ya manna salatif na takarda a kan tayil don kada bakin ya zame, ya huda a hankali ba tare da kunna bugun injin ba har sai da ya wuce tayil ya isa siminti. Ko tsagewa ɗaya ba a samu ba. Ya cusa fisha, wato robar da ke riƙe sukuri a cikin huda, mai milimita 6, ya ɗaure kowane gefe, sannan ya ɗan ɗaga cikin ƙarfen sama kaɗan kafin ya matse ƙaramin sukurun gindi, ya ce idan labule ya hau zai dawo daidai. Haka kuwa aka yi. Autana yakan kama labulen ya fito daga baho, na yi faɗa har na gaji, amma ƙarfen ko gezau.

Wannan ƙaramin sukurun ki sa masa ido. Yana ɓoye a gefen marfin gindin, da ɗan makulli mai kusurwa shida ake matse shi, yawanci yana zuwa cikin kwalin. Sau da yawa mutum ya ga ƙarfensa ya sunkuya ya ɗauka lalacewa ya yi, alhali sukurun ne ya saki. Ki adana makullin a inda za ki tuna.

Sai maganar bango. Bulonmu na siminti yana da rami a ciki, idan hudar ta faɗa ramin, gajeren fisha ba zai kama komai ba, sai ya riƙa juyawa. A sa mai tsawo, ko a matsa gefe kaɗan. Kuma a duba sukurorin da suka zo a kwali, idan na baƙin ƙarfe ne a canza da waɗanda ba sa tsatsa, don kada su zubo miki jan layi a kan tayil. In kuma ƙarfen naki irin mai kwana ne da ke zagaye lungu, sukurori kaɗai ba za su isa ba, dole a ƙara sandar da ke riƙo shi daga sama a daidai kwanar. Ita ma ba a silin roba ko fi'ofi za a ɗaure ta ba, sai an samu katako ko kankaren dakin.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wajen saye. Wasu masu shago kowane ƙarfe mai ƙyalli sai su rantse miki ba ya tsatsa, alhali baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Ki tafi da ɗan maganaɗisu, irin na jikin firji ma ya isa. Idan ya manne ƙam, ki ajiye musu kayansu. Rashin mannewa ma ba shi ke nuna mai kyau ba ne, domin a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa ma akwai lamba 201 da lamba 304, na biyun ya fi jure danshi, sai dai rubutun kwali ba abin dogaro ba ne. Ki buɗe a gabansu, ki leƙa kaurin bakin bututun, ki ɗaga ki ji nauyinsa. Wanda ya yi shafal kamar gwangwani zai lanƙwashe ko da an ɗaure shi da kyau. Ki ƙirga sukurori da marfin gindi kafin ki biya, don wasu sukan zare su sayar daban.

Ki nemi mai faɗin inci ɗaya, kuma ki auna tazarar bangonki kafin ki fita, saboda irin mai zugewa idan aka ja shi har ƙarshe mahaɗarsa takan yi rauni. Gara wanda tsawonsa ya ɗara buƙatarki. Labule mai santimita 180 yana son ƙarfen ya kai kamar 190 daga ƙasa don kada ya riƙa shan ruwa. Jiƙaƙƙen tawul kuma a yi masa maratayinsa daban, a gaya wa maigida ma.