Lauyar da ta ƙi sayar mini da belin kafin kamu

Ofishin lauyoyin da zan yi magana a kai yana saman wani bene a Sabon Gari, ba nisa da PZ, ƙasansa masu sayar da fenti ne. Lauyoyi uku ne a ciki, babbarsu mace, kowa Barista yake ce mata. Na rubuta wannan ne saboda abokan sana'ata masu tifa da masu buga bulo a Zariya, domin matsalar da ta kai ni wurinsu tana iya samun kowannenmu gobe. Aikinsu na shari'a ba ni da ta cewa a kansa. Yadda suke karɓar mutane kuma da sauran gyara. Abin da na je nema kuwa, ba su da shi, kuma ba su ɓoye mini ba.

Ina da wurin buga bulo a hanyar Dakace, da tifa ɗaya da ƙanena yake tuƙawa. Yashi muna ɗebowa daga Galma, ƙasar ciko da burji kuma daga wani rami da wani bawan Allah yake sayarwa. A bakin ramin ake biyan kuɗin lodi, a miƙo maka 'yar takarda mai hatimi, shi ke nan. Da damina ta yi nisa ramin ya ci gefen gonar wani dattijo, kunyoyin masararsa suka zube ciki, shi kuma ya rubuta takardar koke. Ranar da jami'ai suka dira, mai ramin ya cika wandonsa da iska, aka rubuta lambobin tifofin da aka tarar, aka tafi da tamu. Bayan nan takardar gayyata ta iso ta hannun mai unguwa, da sunana da na ƙanena, bisa zargin haƙar ƙasa ba da izini ba.

A majalisarmu kowa ya zama lauya. Mafi rinjayen shawara ita ce in nemi kotu ta ba mu beli tun kafin a kama mu. Wani lauya da aka fara haɗa ni da shi a waya ya ce wannan ƙaramin aiki ne, in turo kuɗi a daren, gobe da azahar takarda na hannuna. Kuɗin da ya yanka ne ya sa na ce bari in ji ta bakin wani.

Barista ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, wannan da kake faɗa a Indiya ake yin sa. Mu dokarmu ba ta da shi." Ta yi mini bayani cewa a can akwai sashe na 438 na dokar shari'ar laifuka ta 1973, wanda ya ba mutumin da ke fargabar kamu damar zuwa babbar kotu ya roƙi umarnin cewa in an kama shi a sake shi nan take bisa beli, kuma da sabuwar dokarsu ta fara aiki a 2024 tanadin ya koma sashe na 482. A Nijeriya kuwa beli na wanda ya riga ya shiga hannu ne, ko a caji ofis ko a gaban alƙali. Abin da ya fi kusa da abin da nake so shi ne sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ce duk mai ganin an tauye masa haƙƙi, ko ana tauyewa, ko akwai alamar za a tauye, yana iya kai ƙara babbar kotu, a ƙarƙashin ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009. Amma ta gargaɗe ni cewa alƙalai ba sa son a mayar da su garkuwar hana bincike. Mutumin da aka aiko wa takardar gayyata cikin mutunci, bai amsa ba, ya ruga kotu, da wuya ya samu abin da yake so, ga kuɗin shigar da ƙara, ga jami'an da ya fusata kuma tifarsa tana hannunsu.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi daraja a duk hidimar, kuma kuɗinsa bai kai na lodin yashi ɗaya ba. Ita ce mutum na farko da ya fayyace mini girman abin da nake ciki. Mu Zazzagawa mun taso muna ganin ɗibar ƙasa ba komai ba ce. Kududdufan cikin birni duk ramukan da kakanninmu suka haƙa ne suka yi tubali, Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina da ƙasa ne, ganuwa ma haka. Sai dai doka ba ta kallon abin da wannan idon. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta shigo da fasa dutse da ɗibar yashi da burji don kasuwanci cikin abubuwan da sai da lasisi, wanda ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ke bayarwa. A gefe guda sashe na 12 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba gwamna ikon bayar da izinin ɗibar tsakuwa da yumɓu da yashi na gini, ga kuma hukumar kare muhalli ta jiha da nata hurumin. Tun daga Maris na 2024 ma akwai dakarun musamman na sibil difens da aka ƙaddamar don farautar masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. In aka ga dama aka ɗora tuhuma a kan dokar ma'adinai, to Babbar Kotun Tarayya ce mai hurumi, wato sai a yi ta zarya zuwa Kaduna. In aka tsaya a kan ɓarnar gona da shiga filin wani, majistare a nan Zariya ya isa. Duk dabarar Barista ta tafi ne a kan a tsayar da maganar a mataki na biyun.

'Yar takardar nan mai hatimi da muke karɓa a bakin rami, da na miƙa mata sai ta yi murmushi. Ta ce ba lasisi ba ce, ba ta kare kowa, amma in tattaro duk wadda na samu, domin tana nuna cewa mu masu saye ne, ba mu muka buɗe ramin ba. Ƙanena yana cusa su a aljihun gaban mota, mafi yawansu suna can tare da tifar. Waɗanda muka samu a gida da littafin da nake rubuta lodi a ciki, su aka yi hoto aka haɗa.

Daga nan ta rubuta wa jami'in da ke binciken wasiƙa cewa mun samu gayyata, za mu zo da kanmu ranar kaza da safe tare da lauya. Ta zaɓi Talata da gangan. Ta ce kada mutum ya kuskura ya kai kansa ranar Juma'a da yamma, domin ko da yake sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40, ba kotun da ke zama Asabar da Lahadi. Ta sa muka shirya masu tsaya mana tun kafin ranar, kowa da hotuna biyu da katin shaida da takardar wurin aiki. Da na ce namijin da na dogara da shi ya yi tafiya, sai ta tambaye ni ko ba ni da 'yar'uwa ma'aikaciya. Yayata malamar makaranta ce a Tudun Wada. Na ce ai mace ba ta tsayawa. Ta ce wannan al'adar caji ofis ce kawai, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Yaya ta zo da hijabinta da katinta, aka ɗan yi gunaguni, aka karɓa.

A ofishin binciken ba ta yi hayaniya ba, ba ta kuma yi wa kowa barazana da kotu ba. Ta gaida kowa da muƙaminsa, ta zauna gefen ƙanena lokacin da ake rubuta jawabinsa, ta sa aka karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu, ta kuma sa aka soke wani layi da ya nuna kamar shi ne ya kawo katafilar da ta yi haƙar. Kafin la'asar muka fito, ba wanda ya shiga bayan kanta. Ta sha maimaita mana cewa beli kyauta ne, kuma ban ba kowa sisi da sunan beli ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Wayar ofishin lauyoyin kamar ado ce; ka kira ka gaji, saƙo kuma sai washegari ake amsawa, ga mutumin da hankalinsa ke tashe wannan azaba ce. Ɗakin jira ƙarami ne, benci ɗaya, ba fanka in an ɗauke wuta, kuma sakataren yana tambayarka abin da ya kawo ka da ƙarfi a gaban jama'a. Kuɗin aikin an faɗa mini shi a dunƙule tun farko, kusan farashin tayoyin tifa biyu, an ba ni rasit, ban yi ƙorafi ba. Amma ba a gaya mini cewa neman sakin motar aiki ne daban mai kuɗinsa daban ba, sai da muka fito. Kuma wannan ɓangaren ƙaramin lauya aka miƙa wa, yaro mai ladabi, yana ce mini Baba, amma sau da yawa ni nake tuna masa ranar da aka ce mu koma. Tifar ta yi makonni a ajiye, batir ya mutu, lebarorina suka watse zuwa wasu wuraren, kafin a sake ta bisa sharaɗin in kawo ta duk ranar da aka buƙata. Da Barista ce ta riƙe wannan da kanta, ina ganin da ba a daɗe haka ba.

Maganar dattijon mai gona ita ta ba da shawarar a bi ta hannun mai unguwa. Mu masu tifofin da aka rubuta muka haɗa kuɗi, aka cike gefen da ya zube, aka biya shi masararsa, aka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, ta kai kwafi ofishin binciken. Ba ta yi mini alkawarin cewa an rufe fayil ba. Har yanzu ana neman mai ramin, mu kuma muna kan beli, in an kira za mu amsa.

Wanda ya san shi ya buɗe rami ba takarda, yana neman lauyan da zai ɓoye shi, kada ya wahalar da kansa hawa benen nan. Direba ko mai bulo da ya sayi ƙasa aka haɗa da shi, ya je da sassafe kafin ta wuce kotu, ya riƙe takardar gayyatar da takardun mota da duk wata shaidar biyan kuɗin lodi. Ya kuma tambaya tun a zaman farko, a rubuce, ko kuɗin da aka yanka ya haɗa da fito da mota.