Hatimi da alli: abin da na gani a Amurka

Wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyata ce ta ja ni ɗakin karatun unguwarmu a nan Ohio, wai ana koyar da yin katin gaisuwa kyauta. Na shiga na tarar da tebur cike da hatimin roba. Ku cire na sakatariya daga ranku, wanda ake sa mutum zarya kafin a buga masa. Waɗannan furanni ne da tsuntsaye da ganyaye.

Malamar ta danna hatimin fure a kan wata tawada marar launi da suke kira VersaMark, ta buga a farar takarda mai kauri. Ba ka ganin komai sai ɗan danshi. Ta ɗauko akwatin alli, ƙanana a jere kamar hodar kwalliya, ta goga auduga a kan ja, ta shafa a hankali. Wallahi sai ga fure ya fito, don garin allin inda tawadar take kawai yake kamawa sosai. Na saki baki. In kuma da baƙar tawada aka buga, sai an bari ta bushe tukuna, sannan a bi cikin zanen da audugar goge kunne, a fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo baya. Inda hannu ya zarce, farin magogin fensir ya isa. Daga ƙarshe a fesa maganin da ke riƙe allin, wasu ma na gashi suke fesawa don ya fi arha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kasuwa ta tsaya wa wannan ɗan abin ɗebe kewa na tsofaffi. Kantuna irin su Michaels da Hobby Lobby layi guda suke ware wa kayan kati. Akwai kamfanin Stampin' Up! a jihar Yuta, tun 1988 hatimi yake sayarwa, mata na tallarsa gida-gida.

Amma fa aljihu yana ji. Na je wani kanti sayen nawa, na yi ta yawo babu wanda ya ce mini sannu, balle ya nuna mini wane allin ya dace. Farashin da ke jikin kaya daban, wanda za ka biya daban, don haraji sai a wurin biya ake ɗorawa. Ba tayi, ba alfarma, ba gyara. Nan na tuna kasuwar Kurmi, inda ko ba ka saya ba an ba ka kujera.

Mu kuma namu halin fa? Ga mai sassaƙa hatimi a bakin kotu, da reza kawai yake fitar da haruffa a juye, aikin da waɗannan matan ba za su iya ba, amma sai mu tsaya muna taya shi kamar muna yi masa taimako. Ga mai zayyanar allon sauka, shi ke dafa tawadarsa da ƙaro, ba a tuna shi sai yaro ya kusa sauka. Katin biki kuwa dubu za mu buga, washegari yara na wasa da su a kwararo. Ita maƙwabciyar tawa katunan da aka yi mata da hannu a akwati take adana su, har na mutanen da suka rasu.

Yaya, in za a ba mai zuwa saƙo, a sa a sassaƙo mini hatimin dagi guda biyu, babba da ƙarami. Don Allah a biya shi yadda ya faɗa.