Shagon kayan ado na bayan babbar kasuwar Marwa

Jama'a duk mai sha'awar haɗa fuskar ado ta rataye a bango, irin wadda na fara yi tun bayan sallah don rage zaman banza, ya leƙa wani ɗan butik a bayan babbar kasuwar Marwa ta ƙasar Kamaru, ba nisa da santar artizanal, wato kasuwar masu sana'ar hannu, inda ake sai da kayan fata. Ni dai da ƙwarya nake yi, ba ni da hannun sassaƙa irin na mutanen Fumban, su kam ƙabilar Bamun gado suka yi.

Baba mai shagon akwai haƙuri wallahi, ya zauna ya zaɓo min ƙwarya mai kauri wadda ta bushe sosai ya ce ɗana kar ka fara huda ido da wuƙa, ka ɗora ƙusa a wuta ka bi layin fensir a hankali in ba haka ba tsagewa za ta yi, kuma gaskiyarsa ne don guda biyu na ɓata kafin nan. Wuri na ado da duwatsun tsakiya kala-kala da igiyar rama da fenti duk akwai, jaka uku na kashe har da kuɗin moto.

Gam ɗinsa ne kawai bai min ba. Zafin Marwa ya sa wuri na adon da na manna a goshin fuskar ya zube cikin kwana huɗu, sai ɗinkewa na yi da zare. Ku sayi gam a kenkayeri, wato shagon kayan gini. Kuma ku je da canji, Baba ba ya karɓar kuɗin waya na Orange Money.