Hattara da masu tallar "kayan tiyatar Jamus" a WhatsApp

Assalamu alaikum abokan aiki, musamman ma'aikatan jinya, ungozomomi, jami'an lafiya na matakin farko da masu ƙananan asibitoci. Akwai wasu mutane da suka addabi zaurukanmu na WhatsApp da Facebook da tallar kayan tiyata, kuma labarinsu kusan iri ɗaya ne: wai wani asibiti aka rufe a Jamus aka yi gwanjon kayansa, kwantena ta iso Legas, saura seti kaɗan, wanda bai tura kuɗi yau ba ya rasa. Sai hotuna masu ɗaukar ido su biyo baya, setin karɓar haihuwa, setin ɗinki, setin kaciya, kowane almakashi an zana masa sunan Jamus a jiki. Farashin kuwa ko rabin na dillalan da muka sani bai kai ba. Wasunsu da kuɗi ya shiga sai lamba ta daina shiga. Waɗannan ɓarayi ne tsagwaronsu, kuma asarar a aljihunka ta tsaya. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu aiko da kayan, domin tasu cutar a jikin majinyaci take ƙarewa.

A sashen wanke kayan aiki da turara su da tururi mai zafi don kashe ƙwayoyin cuta nake, kuma wata ungozoma ta kawo mini irin wannan seti da ta saya da guminta. Shiga ɗaya ya yi tukunyar turarawa. Da muka kwance ƙunshin, duk mahaɗar hantsakan ta yi ɗige-ɗigen tsatsa, ruwan gwal ɗin da ke hannun mariƙin allura ya saluɓe ya ɓata ƙyallen naɗin, almakashin kuma da muka sa masa bandeji sai ya riƙa tauna maimakon yanka. A jikin hantsaki guda mun ga lamba 2 a cikin da'ira an soke ta da layi. Ma'anar wannan alama ita ce a yi aiki da abu sau ɗaya a jefar. A sauran, daidai wannan gurbi, sai shatin gurza. Baiwar Allah nan ta zauna ta yi tagumi, ta ce da albashinta ta haɗa.

Abin da ya sa kayan ƙwarai suke da tsada ba suna ba ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke yi masa wata siririyar fata da ido ba ya gani, mai hana ruwa cin sa. Bayan an ƙera, masana'anta ta gari tana gasa shi ya yi tauri, ta goge, sannan ta tsoma shi a ruwan asid don wannan fata ta kafu sosai. Duk wannan saboda zai riƙa shiga tururi mai zafin digiri 121 ko 134 ne shekara da shekaru. Kayan yi-ka-yar ba a wahalar da kai a kansu haka, don ba a yi su domin su ga tukunya ba. Shi kuma ruwan gwal a hannu, a al'adar sana'ar alama ce ta cewa an dasa wa bakin wani ƙarfe mai tsananin tauri, tangistin kabayid, don ya damƙe allura kada ta juya. Duba cikin bakin: na gaskiya za ka ga falle mai duhu-duhu an liƙa shi daban. In babu, fenti aka sayar maka.

Ramin tsatsa ba muni kawai ba ne. Jini da ƙazanta suna maƙalewa a ciki, burushi ba ya kai wa gare su, abin da bai wanku ba kuma ba a da tabbacin tururi ya tsarkake shi. Ga ciwon hanta yadda ya yi yawa a cikinmu. Balle hantsakin kame jijiya ya kuɓuce ana tsakiyar aiki, mace tana zubar da jini.

Akwai wani wasan da suke yi a bidiyo: a kanga maganaɗisu a jikin tasa ko faranti, ya ƙi kamawa, a ce ga shaida. Wannan ba ya nuna komai game da almakashi. Tasa da faranti ana yin su da nau'in da maganaɗisu ba ya kamawa, amma almakashi da hantsaki na ƙwarai ana yin su da nau'in da ke ɗaukar tauri da kaifi, irin mai lamba 420, shi kuwa maganaɗisu yana kama shi.

Batun Jamus kuma, gaskiya ne garin Tuttlingen ya yi suna a wannan sana'a, can kamfanin Aesculap yake tun 1867. Amma kaso mai yawa na kayan tiyatar duniya a Sialkot ta Pakistan ake ƙera su, kuma a can akwai masu kyau ƙwarai, akwai na banza. Kada wani ya ce na kushe kayan Pakistan, da yawa daga cikin waɗanda muke aiki da su lafiya lau daga can suke. Ko Turawan ma ba su tsira ba: binciken BBC na 2011 ya nuna wani babban asibiti a Landan yana mayar da kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kayan da ake kawo masa saboda aibu. Su da ke da mai dubawa da madubin ƙara girma ke nan. Rubutu a jikin ƙarfe kuwa, duk mai injin zane zai yi maka shi.

Don haka kada ka biya sai kaya sun zo hannunka. Ɗaga hantsaki ka rufe shi a gaban haske, in haske na ratsa tsakanin haƙoransa, ajiye. Kulle shi a haƙorin farko na makullin, ka ɗan ƙwanƙwasa shi a gefen tebur. In ya ɓalle da kansa, haka zai yi a kan jijiya. Almakashi ya yanka tsohuwar safar hannu sumul har tsininsa. Mariƙin allura ya kama allura yadda yatsa ba zai juya ta ba. Ka nemi sunan masana'anta, lambar kayan, da shaidar rajistar NAFDAC, tunda kayan asibiti ma suna ƙarƙashinta. Mafi kyau, sayi guda ɗaya ka turara shi tukuna.

In ka koma da ƙorafi, amsarsu a shirye take: wai kai ne ka bar su a ruwan Jik. To, gaskiya ne bilic da ruwan gishiri suna cin ƙarfe ko da mai kyau ne in an bar shi ya daɗe a ciki, kuma muna da wannan sakaci a asibitocinmu. Sai dai setin da na ba ku labari ko jini bai taɓa gani ba.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya cire kayan daga aiki yau, kada ya ce bari ya mori kuɗinsa, kada kuma ya sayar wa wanzami. Ya adana rasit ɗin banki, lambar asusun, hotunan tallar da hirarsu, ya kai ƙara bankinsa da ofishin NAFDAC na jiharsa. Shugabannin zauruka kuma, don Allah ku daina barin baƙuwar lamba tana saka talla ba tare da an san shagonta ba.