Kozi fantasi ko littafin yaƙi, wanne za ki ɗauka watan gobe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare wata ƙanwarmu ta yi tambaya, ta ce ita fa littattafan yaƙi da aljanu ta taso tana karantawa, na Hausa da na Turanci duka, amma kwanan nan ko ta ɗauko ba ta iya wuce babi uku sai ta ajiye, kuma ta ga ina yawan ambaton wani abu wai shi kozi fantasi, shin meye bambancinsu, kuma wanne ya kamata ta saka a karatunta na watan gobe. Na so in amsa tun a jiyan aka ɗauke wuta chajina kuma ya yi ƙasa, to ga shi yau na samu zama.

Ƙanwata bari in fara da yadda nake karatuna, don ki san daga ina nake magana. Ni malamar firamare ce, kullum da safe ina shiga adaidaita sahu daga Dorayi, kuma rabin karatuna a cikinsa nake yi a waya, sauran rabin bayan isha'i in yara sun kwanta. Ina da wani ƙaramin littafin rubutu mai bango ja da nake rubuta duk abin da na gama, da wata, da layi ɗaya ko biyu na yadda na ji. A wata mai sauƙi ina gama huɗu, ɗaya na Hausa dole, wannan alkawari ne na yi wa kaina. Watan azumi kuwa shafin babu komai, Alƙur'ani ne kawai, haka ma satin jarrabawa in takardun maki sun taru a gabana. Da na duba littafin nan na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai daga baya, manyan littattafan yaƙi duk a hunturu nake cinye su, Disamba da Janairu, lokacin hutu, ana lulluɓe da bargo dare ga tsawo. Amma daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke dafa mutum, ko ƙarshen zango da kaina ya cika, duk ƙananan nan ne masu sanyi. Kenan ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne a wajena, jikina ne yake zaɓa kafin ni.

To meye shi kozi ɗin. Duniyar dai iri ɗaya ce da ta littafin yaƙi, akwai sihiri akwai aljanu akwai dodanni da matsafa, abin da ya raba su shi ne me za a rasa in abu ya lalace. A littafin yaƙi duniya ce gaba ɗaya a kan siraɗi, in jarumi ya faɗi masarauta ta tafi, duhu ya rufe kowa. A kozi kuwa abin da ake tsoron rasawa shago ne, ko maƙwabci, ko amanar wani, ko a ce biredin gobe ba zai tashi ba. Kin ga abu ne ƙarami amma irin ƙaramin da ni da ke muka san zafinsa, ni ban taɓa riƙe takobi ba amma na san faɗuwar gaban mace da ta zuba jarinta a sana'a ta buɗe ƙofa ranar farko har azahar ba wanda ya leƙo.

Wanda ya sa sunan nan ya bazu shi ne Legends & Lattes na Travis Baldree, mutumin Amurka ne da aikinsa karanta littattafai a odiyo, da kansa ya fara fitar da shi a farkon 2022 kafin kamfanin Tor ya karɓa ya sake bugawa a ƙarshen shekarar, har ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Hugo, wata babbar kyauta da ake ba irin waɗannan littattafan, a 2023. Labarin wata ƙatuwar mayaƙiya ce mai suna Viv, irin dangin samudawa ɗin nan, shekara 22 tana sara da suka don kuɗi, sai ta gaji, ta je wani gari ta sayi tsohuwar bargar dawaki ta ce shagon gahawa za ta buɗe, a garin da ba wanda ya taɓa ɗanɗana gahawa. Takobin nata ta rataye a bango. Daga nan labarin ya koma na kafinta da katako, na yadda za a shawo kan mutum ya kurɓi abin da bai sani ba, na wani ɗan mitsitsin mai gashi mai jin kunya da ya iya biredi mai kirfa har layi ya fara kafuwa, kuma akwai allon da suke rubuta abin sayarwa da alli, duk bayan 'yan babuka sai ki ga an ƙara layi ɗaya a allon. Wallahi wannan allon ya fi wasu yaƙoƙin da na karanta sa ni murna. Har 'yan karɓar kuɗin dole na unguwa sun zo mata, ga ta da ƙarfin da za ta watsa su duka, ga takobi a bango hannu kawai za ta miƙa, kuma duk zaƙin littafin yana kan ko za ta iya haƙura ta bar shi a rataye. Ina karantawa ina tuna mai shayin bakin layinmu, yadda yake jera gwangwanayen madara da burodi a kan teburinsa bayan magariba, ya san mai son kauri da mai son ruwa-ruwa, ya san wanda zai ce rubuta min sai ƙarshen wata, mutane suna zuwa shan shayi amma rabin abin da ya kawo su zaman bencin ne. To littafi guda aka yi a kan irin wannan bencin.

Sai dai in gaya miki tun yanzu don kar ki ce ban faɗa ba, soyayyar da ke cikin wannan littafin tsakanin mata biyu ce, ba a nuna batsa amma tana nan, kuma da yawa daga cikin sababbin kozi na Turawa haka suke, misali The House in the Cerulean Sea na 2020 shi kuma maza biyu ne. Kar bango mai furanni da kofin shayi ya sa ki ɗauka komai na ciki ya dace da tarbiyyarmu, ki riƙa bincikawa kafin ki saya, musamman in ƙannenki za su ɗauka bayanki. Ɓangaren yaƙin ma ba a barrantar da shi ba, A Game of Thrones na 1996 akwai batsa da zubar da jini da ni kaina tsallake shafuka na riƙa yi.

Yanzu ɓangaren da kika saba. Ni fa ba zan taɓa raina littafin yaƙi ba, don akwai abin da yake ba ki wanda kozi ba zai iya ba ko ya shekara yana ƙoƙari. The Lord of the Rings da ya fito 1954 zuwa 1955 ya haura shafi dubu, kuma lokacin da na kai ƙarshensa na zauna shiru na daɗe kamar na dawo daga doguwar tafiya da mutanen da ba zan sake gani ba. Wannan nauyin sai an sha wahala tare ake samunsa. Namu na gida ma haka, Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da littattafan yaƙin nan na kasuwa da yayyenmu maza suke haya suna ɓoyewa a cikin jakar makaranta, kirari kaɗai ya isa ya sa tsigar jikinki ta tashi. Amma shi yaƙi yana da haraji. Yana son ki riƙe sunaye hamsin, da wane ɗan wane, da taswira a shafin farko da za ki riƙa komawa, in kika ajiye shi sati biyu saboda biki ko rashin lafiyar yaro kika dawo sai ki rasa wa ke faɗa da wa. Ga tsawo, The Wheel of Time littafi 14 ne, an fara 1990 ba a gama ba sai 2013, shi marubucin Robert Jordan ma ya rasu a 2007 wani ne ya ƙarasa masa, su kuma masu bin George Martin, marubucin A Game of Thrones, tun da littafi na biyar a jerin ya fito a 2011 suke zaman jiran na shida. Kozi kuwa yawanci shafi ɗari uku ne ko kusa da haka, mutanen ciki ba su fi ki ƙirga da yatsu ba, Turancinsa mai sauƙi, ko a go-sulo na Kabuga kika buɗe za ki gane inda kika tsaya.

Shi ya sa da kika ce ba kya wuce babi uku ban ɗauka son karatun ne ya fita daga ranki ba. Ina ga gajiya ce. In mutum ya wuni yana lissafin kuɗin cefane da na mota, ya buɗe waya labarin sace mutane ne da tsadar kaya, da daddare kuma ki ce masa ya ɗauki damuwar wata masarauta da za ta rushe ya ɗora a kan tasa, zuciya sai ta ƙi. Na shiga wannan halin shekarar da mahaifiyata ta yi doguwar jinya, wata uku ban gama ko littafi ɗaya ba, ina kwana a kan tabarma gefen gadonta a asibiti, abin da ya dawo da ni karatu shi ne Howl's Moving Castle na Diana Wynne Jones, tsohon littafi ne na 1986 tun kafin a san wata kalma kozi. Yarinya ce mai aiki a shagon huluna wata matsafiya ta mayar da ita tsohuwa tukuf, maimakon ta zauna kuka sai ta tafi wani gida mai tafiya da kansa na wani matsafi ta ce ita ce sabuwar mai shara, ta kama goge-goge da faɗa da ƙazantar maza, har aljanin da ke cikin murhu ta tilasta masa ya sunkuyar da kai ta ɗora kasko. Na yi dariya a hankali don kar in tashi Hajiya, kuma rabona da dariya a lokacin na manta. Allah Ya ji ƙan iyayenmu.

Amma tsakani da Allah kozi ma yana da nasa aibun kuma ba zan ɓoye ba. In kika jera uku a wata ɗaya za ki ji kamar shayin da aka cika wa sukari, na farko daɗi, na uku ya fara ginsar ki. Da yawansu tun bayan 2022 kwaikwayon juna suke, wannan shagon shayi wancan shagon littattafai wancan na burodi, kowa kirki, kowa yafiya, mugun ma ba ya kai mugu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗi ba ya zama matsala, jari yana nan, haya ba ta tashi, kwastoma ba ya cin bashi ya gudu, duk wanda ya taɓa zama ko na wuni ɗaya a shagon ɗan uwansa a Kantin Kwari ko Kofar Wambai ya san ba haka sana'a take ba. Littafin yaƙi ko ba komai yana yarda cewa ana rasa mutane kuma ba sa dawowa. Wani lokacin ina buƙatar littafi ya faɗa min wannan gaskiyar.

Akwai kuma na tsakiya in kina tsoron tsallakawa gaba ɗaya. A Wizard's Guide to Defensive Baking na T. Kingfisher, 2020, yarinya ce 'yar shekara 14 da sihirinta ba ya aiki a kan komai sai ƙullun burodi, tana da wani ƙullu mai tsami da take kiwo a bokiti kamar dabba har suna gare shi, duk macen da ta taɓa kwana da ƙullun waina ta tashi ta ga ya kumbura ya cika roba za ta gane wannan wasan. Amma da gawa aka buɗe labarin kuma har yaƙin kare gari akwai, kenan kin samu murhu kin samu ganuwa.

Wani abu da na daɗe ina tunani, mu fa ba baƙin wannan salon ba ne. Ki tuna Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, 1937. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa kullum dare sai ya yi shiri zai bi su, aku kuma ya tsare shi da labari har gari ya waye. Yaƙin yana can waje ana yi, mu kuma masu karatu muna ɗaki tare da aku. Haka tatsuniyar kakanninmu a tsakar gida, ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi rigimarsu ba ta wuce ta abinci da wayo ba, ba wanda yake ceton duniya. Ina matuƙar son in ga wata marubuciyarmu ta nan Kano ta zauna ta rubuta mana irin wannan da Hausa, a ce aljana ce ta gaji da firgita mutane ta kama rumfa a Kurmi tana sayar da turaren wuta, ko tsohon sarkin yaƙi ya ajiye sulke ya koma rini a Kofar Mata, da maƙwabtansa da bashinsa da adashinsa. Ranar da ya fito ni ce ta farko a layi.

To ga shawarata ta watan gobe ƙanwata. Ki ajiye babban nan da ya tsaya miki a wuya, kar ki ji kin yi laifi, ki sa masa alama a shafin da kika tsaya. Ki fara da Howl's Moving Castle, ba abin da zai sa ki ɓoye shi in ƙanwarki ta leƙo, babi ɗaya kullum bayan isha'i ya isa. In kin gama kika ji kina son ƙari sai ki ɗauki na yarinya mai burodin, tsakaninsu ki sake buɗe Magana Jari Ce ko labari biyu ne. Shi kuma na yaƙin ki bar shi sai sanyi ya shigo an yi hutun makaranta, lokacin ki min magana mu fara tare, nima akwai wani mai shafi dubu da na ajiye tun bara ina jiran Disamba.