Mota ta sauka ƙasa: paralelisim kawai, ko a sauya amortisa tukuna?

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanenmu ya yi tambaya jiya da dare: ya sa wa Corolla ɗinsa ƙirar 2006 gajerun resor (murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafafunta), ta sauka wajen santimita 4. Wani makanike ya ce masa a yi paralelisim (saita tayoyi su kalli gaba sak) kawai ya huta, wani kuma ya ce sai an sauya amortisa, wato abin da ke hana mota tsalle idan ta faɗa rami. Wanne zai bi?

Ƙanena, ayyuka biyu ne daban, kowanne da ciwon da yake warkarwa. Paralelisim na tayoyinka ne, amortisa na bayanka ne da na gindin mota.

Idan mota ta sauka, saman tayoyin gaba yakan karkata ciki, wanda masu garaji ke kira karosaj, bakin tayoyin kuma ya daina kallon gaba sak. Na biyun shi ne mugu. Karkatar sama tana cin gefen taya na ciki sannu a hankali, amma baki da ya kauce jan taya yake a kan gudron kamar ana goga ta da dutse, kuma ba za ka gani ba sai ka durƙusa ka leƙa ciki. Saboda haka paralelisim ba zaɓi ba ne, dole ne. Kada kuma a ruɗe ka da ekilibiraj: wannan dalmar da ake liƙa wa janti ce don sitiyari ya daina rawa, ba ta gyara tsayuwar taya ko kaɗan. Na ga mutum ya biya kuɗin ekilibiraj ya tafi yana murna, wata uku wayoyin tayarsa suka fito.

Amortisa kuwa an ƙera ta ne daidai da tsayin motar na asali. Ka sauke santimita 4, ka cinye mata santimita 4 cikin hanyar da take kai da komowa. A gudron mai santsi cikin gari ba za ka ji komai ba. Amma ka ɗauki hanyar Ɗan Isa ko ta Dakoro da mutum huɗu a ciki da buhu a but, ka faɗa rami ɗaya, za ka ji ta buga ƙarshe "gum", motar kuma ta riƙa tsalle bayan ramin ya wuce, don gajeren resor ya fi tauri, tsohuwar amortisa ba ta iya riƙe shi.

To ga yadda zan raba. In resor ɗin na saukewa ne da aka saya, saukar ba ta wuce santimita 3 ba, amortisa ba ta yoyon mai, kuma yawonka daga gida zuwa Babbar Kasuwa ne, paralelisim kaɗai ya ishe ka. In ta kai 4 ko 5 kamar taka, kuma amortisar ita ce wadda motar ta shigo da ita daga Kwatano, ni sai in ce ka sauya, ka nemi gajera wadda aka yi don saukakkiyar mota. In kuwa yanke resor aka yi da wuta, wannan ba maganar kwatanci ba ce: zafi yana kashe ƙarfen, yankakken resor kuma yana iya barin mazauninsa idan taya ta rataya. A cire shi.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne tsari. Duk ranar da aka kwance amortisar gaba, paralelisim ɗin da ka biya ya tashi a banza. Don haka shi ne aikin ƙarshe. Ka sauya abin da za ka sauya, a duba rotil (gaɓoɓin da ƙafar mota ke juyawa a kansu) da robobin hannayen ƙafa, a ɗaure kusoshinsu mota tana tsaye a kan tayoyinta ba tana rataye a kan jak ba, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage. Ka yi mako guda kana yawo resor ya zauna, sannan ka kai ta wurin mai na'ura, ba mai awo da igiya ba. Bayan Corolla irin taka ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun, ba abin juyawa a can. A gaba, in karosaj ya yi yawa, akwai kusoshi na musamman da ake sa wa gindin amortisa.

Sauran ƙanana ne. Ka tsaya gaban bango da dare a daidaita fitilu, kada ka makantar da 'yan kabu-kabu. Ka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko taya na gogar jiki. Tudun rage gudu kuma a karkace za ka riƙa hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, don kaskon mai ya matso ƙasa. Da damina, lungunan da ruwa ya ƙwaƙule da rairayin bakin Gulbi, ka ajiye ta ka hau babur.